Ramin da Muka Haƙa wa Baba Kofur

Masana tarihi sun sha wahalar banza wajen auna darajar al'ummai da tsawon ganuwa da yawan littattafai. Ni dai, bayan shekara talatin da biyar ina shaƙar alli a gaban allo, na tabbata babu ma'aunin da ya kai karan dawa gaskiya a duniyar nan. Idan mutum ya cika a ƙauyenmu, kara ake samowa a gwada tsawonsa, a karya daidai, a miƙa wa masu haƙa. Kara bai san attajiri ba, bai san mai unguwa ba, ba ya kuma karɓar goro. Da shi muka auna Baba Kofur, kuma iyakar gaskiyar da muka yi masa ke nan.

Ƙauyen namu yana tsakanin Tsanyawa da Bici, a irin ƙasar nan da gona ke manne da gona, har ba ka da inda za ka ɗaure akuya ba ta ci amfanin wani ba. A gabashin gari akwai gidajen Kirista guda bakwai. Hausawa ne kamarmu, wasunsu ma kakanninmu ɗaya, sai dai har yau in ba sa wurin Maguzawa muke ce musu. Suna da majami'a ta jar ƙasa mai rufin kwano, da 'yar makabarta a bayanta. Baba Kofur ne babbansu a shekaru. Ya shiga soja yana saurayi, ya yi yaƙin basasa, ya dawo da igiya biyu a hannun riga da ɗingishi a ƙafar hagu. Bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba. In matasa suka matsa masa a teburin mai shayi, sai ya ce, "Ruwan sama ne da ƙwarƙwata, sai yunwa. Sauran ba na hira ba ne."

Abin da kowa ya san shi da shi addu'a ce. Hanyar gonata ta jikin darninsa ta bi, don haka na fi kowa jin ta. Kullum da sassafe zai tsaya a tsakar gida, ƙafa a haɗe, hannu a gefe, kamar mai jiran babban hafsa ya zo duba fareti, ya ɗaga murya yana ba Ubangijinsa rahoto.

"Ubangiji, Kofur ne. An kwana lafiya a ɓangarenmu. Matar mai unguwa tana fama da ƙafa, a duba ta. Malamin makaranta ya yi wa 'ya'yan mutane bulala jiya fiye da kima, a sassauta masa zuciya. Alhaji ya ƙara kunyar gero ɗaya ta yamma, a gafarta masa, bai san na gani ba. Cikin sunan Yesu."

Malamin makarantar ni ne. Alhaji kuwa shi ne mai gonar da ta rungumi makabartar ta yamma da ta kudu, kuma surukina ne, don babban ɗansa ke auren 'yata. Mutum ne mai fara'a, mai sahun farko, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Shanun garmarsa ne dai ke da wani lahani. Duk shekara in an zo huɗa sai su yi kuskuren kunya ɗaya, kuma a iya sanina ba su taɓa yin kuskuren nan zuwa cikin gonar ubangidansu ba. Kullum ta wajen matattu suke karkata, wataƙila don sun lura matattu ba sa kai ƙara.

Na san ainihin iyakar, don ina wurin aka yanka ta. Ina sabon malami a lokacin, marigayi dagaci ya aika aka kira ni, wai a samu ɗan boko a cikin shaidu. Ba a rubuta komai ba. Igiya aka ja daga gindin wani gawo zuwa wani tsohon suri, aka dasa gamba a kan layin, aka yi addu'a iri biyu, aka watse. Ni na riƙe bakin igiyar ta wajen gawon. Duk waɗanda suka tsaya a ranar sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, sai Baba Kofur. Gambar ta daɗe da shiga zanar wani, surin kuma garma ta baje shi. Gawon ne kawai ya ƙi tafiya, yana nan tsaye a tsakiyar geron Alhaji, taku goma daga inda makabartar ta tsaya a yanzu.

Matar Baba Kofur ta rasu shekara goma sha biyu kafin shi. Samarin gidajen nan bakwai duk sun tafi birane, don haka masu haƙan kabarinmu ne suka haƙa mata, aka sa ta a zane da tabarma kamar yadda Kiristocin ƙauyen suka saba tun asali. Ya bar wa kansa wuri a gefenta ta yamma. Duk Asabar sai ya je da fartanya da 'yar kujerarsa, ya nome wurin tas, ya zauna yana karanta littafinsu mai tsarki a bayyane, yana bin layi da yatsa. Shekara na zuwa, gero na matsowa, har ya zama in ya zauna ganyen yana shafar bayansa.

Wata Asabar na tsaya na ce masa, "Baba, me ya hana ka kai maganar nan gaban dagaci?"

Ya rufe littafin da yatsansa a ciki. "Malam, na ga abin da ake yi a kan ƙasa. Na ga inda aka zuba mutane a rami ɗaya, ba wanda ya tambayi gonar wa ce. Ba zan shiga shari'a da maƙwabcina a kan gero ba, addinina bai koya mini haka ba. In dai an bar mini faɗin kafaɗata kusa da tsohuwa, na gode." Sa'annan ya nuna ni da haɓa. "Amma kai ka riƙe igiya. In ranar ta zo aka tsaya gardama, ka faɗi abin da ka gani. Iyakar roƙona ke nan."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai ba sai ka roƙa ba." Har da dafa ƙirji.

Ya cika ranar wata Talata da hantsi, bayan an gama noman fari. Ƙanwarsa, wata tsohuwa da ta dawo gidan tana yi masa tuwo tun rasuwar matarsa, ita ta same shi a zaune, littafin a cinya. Kafin a ce me, gari ya ɗauka. Mu kuma muka yi abin da muka iya, wanda ba mu san wani ba shi ba. Aka samo kara aka auna shi. Masu haƙa suka ɗauki diga da shebur, Alhaji ne ma ya ba da aron nasa, yana hawaye har gemu. Suka haƙa irin ramin da ake haƙa wa kowa a nan: babba a sama, sa'annan siriri a cikinsa, daidai yadda mutum zai kwanta a gefensa ba tare da ya takura ba. Wurin da shanu suka rage ya ɗauke shi cif, ba ragi ba ƙari. Kafin azahar an gama, an sare itacen rufi an jera a gefe.

Faston majami'ar matashi ne, sabon zuwa, daga Tsanyawa yake zuwa musu a babur. Shi ya kira babban ɗan mamacin da ke aiki a Abuja, ya kuma buɗe muryar wayar don dattawa su ji.

"Kada wanda ya taɓa mini uba!" in ji muryar. "Yau-yau? Kaza ce? Mutumin da ya yi wa ƙasar nan yaƙi? Za a zo da mota a ɗauke shi. Sai mun shirya."

Da la'asar motar ta zo ta tafi da shi birni, aka sa shi a firjin asibiti. Liman ya tambaye ni har sau biyu, don ya ɗauka bai ji daidai ba. "A firji, Malam? Kamar kifi?" Mutumin da ko ruwan randa sai ya ajiye shi a rana saboda haƙori, shi ne ya yi mako shida a cikin ƙanƙara yana jiran a gama ɗinka anko.

Ramin kuwa ya zauna a buɗe a tsakiyar damina. Aka rufa masa tsohon kwano aka danne da duwatsu, amma ruwa ba ya neman izini. Kwaɗi suka tare a ciki. Mata suka daina bin hanyar nan zuwa rijiya, wai kabari a buɗe kira yake yi. Duk ranar da aka yi ruwa, ƙanwar tasa za ta zo da ƙwarya ta durƙusa ta kwashe, ta gyara inda gefe ya zaizaye, ta mayar da kwanon. A cikin makon nan shida, 'ya'yansa huɗu babu wanda ya tako ƙauyen. Waya dai ba ta huta ba. Sun tambayi fasto ko hanya za ta ɗauki manyan motoci, sun tambayi inda za a kafa rumfa, sun tambayi ko akwai banɗakin da baƙi za su iya shiga. Ramin ne kaɗai ba wanda ya ce a gwada masa faɗinsa.

Ranar Asabar ɗin jana'izar na ga abin da ban taɓa gani ba, ba na kuma fatan sakewa. Rumfunan tamfol huɗu, kujerun roba, janareta, lasifika mai sa hanji rawa. Aka raba riguna masu hoton fuskarsa, har na ga wani ɗan acaɓa yana share majina da goshin Baba Kofur. Aka raba ɗan littafin tarihinsa mai sheƙi, na buɗe, na ga an yi masa ƙarin girma zuwa Manjo. Abin da rundunar soja ta kasa yi masa yana raye, mai buga takarda ya yi masa a mako guda. A shafi na uku an ce ya cika cikin salama a tsakiyar 'ya'yansa da jikokinsa. Hannuna ya yi ta laluben jan biro a aljihu. An kuma yi hayar mai busa begila da samari huɗu a cikin kaki, waɗanda da ganin yadda suke taka ƙasa ka san ko ƙofar bariki ba su taɓa leƙawa ba. Da mamacin zai tashi, da ya sa su tsallen kwaɗo daga nan har Makoda.

Sai jawabai. Wani mai neman kujerar kansila ya yi rabin awa a kan haɗin kan addinai, ya ambaci sunan mamacin sau ɗaya, shi ma sai da ya leƙa takarda. Alhaji ya karɓi lasifika murya na rawa, ya ce maƙwabcinsa ne shekara hamsin, ko da wasa ba su taɓa sa-in-sa ba. Gaskiya ya faɗa. Ba a sa-in-sa in ɗaya na ci ɗaya na addu'a. Ni ma an kira ni a matsayin dattijon ilimi, na yi bayani mai tsari, da gabatarwa da gundarin magana da kammalawa, a kan amana tsakanin maƙwabta. An tafa mini sosai. A duk yinin nan, abin da ya yi kama da mamacin shi ne waƙar tsofaffin matan majami'ar, su shida, da suka rera suna buga bakin tulu, janareta na neman danne su.

Akwatin fari ne fat, da hannaye masu ruwan zinariya da tagar gilashi ta wajen fuska. Ya fi ƙofar majami'ar faɗi, shi ya sa ma aka yi sujadar a waje. Samarin kakin suka ɗauko shi suna nishi, jama'a na biye, mai ɗaukar bidiyo na tafiya da baya, har bakin ramin. Aka ɗage kwano.

Babban ɗan ya leƙa, ya cire tabarau, ya sake leƙawa. "Mene ne wannan? Kwata ce?"

Shugaban masu haƙa, wani dattijo da ya binne rabin garin nan da hannunsa, ya matso da karan a hannu, don bai yar ba. "Ranka ya daɗe, daidai shi ne. Ga awon nan. Mu mutum muka auna, ba wanda ya ce mana da ɗakinsa zai zo."

Wasu suka ƙyalƙyale, suka tuna inda suke, suka mayar da ita tari. Aka gwada akwatin ta tsaye, aka gwada ta karkace, kamar ana neman shigar da gado ɗakin amarya. Ya fi ramin tsawo da kusan kamu biyu, ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Ta gabas kabarin matarsa ne, ba a taɓawa. Ta arewa wasu kaburburan ne. Ta yamma da ta kudu gero ne, kore shar, ya kai wuyan mutum. Dattijon ya duba ya ce in aka ba shi kunya uku, kafin la'asar ya gama.

Fasto ya je gaban Alhaji ya rusuna. "Alhaji, a taimaka. Kunya uku ce kawai."

Alhaji ya riƙe hannunsa da hannu biyu, idonsa har yanzu jajir. "Fasto, wallahi da raina za ka roƙa da ya fi mini sauƙi. Dubi geron nan, ciki gare shi. A sare gero da ciki? Abincin bayin Allah? Ai alhakin sai ya kama mu duka, har da mamacin." Babban ɗan ya sa hannu a aljihu, Alhaji ya ɗaga tafi. "Subhanallahi, ɗana, kada ka zage ni. Gonar gado ce, ba ni kaɗai ke da ita ba."

A nan ƙanwar mamacin ta ratso mutane, ba ta sa ankon ba, tsohon zanenta ne a jikinta. Ta ce wa ɗan wanta, "Kai, ku fito da shi daga cikin abin nan ku sa shi yadda ya ce. Bargonsa na soja yana ɗaki, na wanke na ninke. Ramin ai nasa ne, ya ishe shi."

"Gwaggo, don Allah," ya ce da ita ƙasa-ƙasa, yana satar kallon mai bidiyo. "Abokan aikina sun taso tun daga Abuja. A ce na naɗe ubana a bargo na tura rami? Me za a ce da ni?"

"Da yana cin tuwo ba miya me aka ce da kai?"

Ya mayar da tabarau. Sai ta juyo, ta neme ni a cikin taron, ta same ni, ko da yake na ɗan ja baya.

"Malam, kai ka riƙe igiya. Ya gaya mini. Faɗa musu inda gamba take."

Daga inda nake tsaye ina hango gawon, ba ganye ko ɗaya a jikinsa kamar yadda yake yi da damina, ya yi zuru a saman geron. Ba sai na yi dogon bayani ba, yatsa kawai zan miƙa. Na dubi Alhaji, ya yi mini murmushin nan nasa na sahun farko. Na dubi bayansa, ga 'yata a cikin matan gidansa, da goyon jikana, tana riƙe da tiren ruwa. Ga liman, ga mai unguwa, ga mutanen da zan haɗa kafaɗa da su a masallaci da magariba, waɗanda za su ce malamin makaranta ya tsaya wa Maguzawa a kan surukinsa.

Na gyara murya irin ta gaban aji. Na ce, "To, Inna, an daɗe ƙwarai. Kuma kin san ƙasa tana sauyawa. Magana irin wannan ba ta tsaye ba ce, tana buƙatar a zauna, a bincika, a ji ta kowane ɓangare."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "To, Allah ya ba ka lafiyar zama," ta ce. Ta juya ta koma gida, ba ta tsaya ganin sauran ba.

Mai neman kansila ne ya warware matsalar, don irinsu ba sa rasa mafita. Ya ce jarumi kamar Manjo ai bai kamata a ɓoye shi a bayan gini ba, a kawo shi gaban majami'a, bakin titi, inda duk mai wucewa zai gani. Fuskar babban ɗan ta washe, ya ce dama abin da ke ransa ke nan. Fasto ya buɗe baki, ya dubi agogo, ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta gabas, ya rufe. Masu haƙa suka sake ɗaukar diga, wannan karon da igiyar awo ta magina. Aka sa shi bayan la'asar, a can gaba, ginin majami'ar gaba ɗaya a tsakaninsa da matarsa. Mai begila ya busa wani abu da ban gane ba. Aka raba shinkafa a robobi, aka yi wawa, wata mata ta rasa ɗankwali. Kafin magariba motocin sun tafi saboda hanya, suka bar mana leda da ƙasusuwan kaji har bakin rijiya.

Bayan wata guda aka turo magini ya lulluɓe kabarin da tayil fari, da gicciye a kai. Ya yi kyau, ba laifi. Yaran mota sun mayar da wurin tasha, in ka shiga bas daga Bici sai ka ji ana cewa, "Akwai mai sauka a Kabarin Manjo?" Ƙanwar tasa ba ta ƙara gaishe ni ba har ta koma wajen 'yarta. In mun haɗu a hanya ba ta kauce, ba ta kuma harara, wucewa take yi kamar ta wuce turke. Na canza hanyar gonata, ina zagayawa ta bayan makaranta, na ce wa iyalina likita ne ya ce in riƙa yawan tafiya.

Ramin farko kuwa, Alhaji ne ya ɗauki ɗawainiyar cike shi, kada ɗan wani ya faɗa. Liman ya yaba masa a kan haka bayan sallar Juma'a, muka ce amin. Lokacin ya zo daidai da shukar wake a tsakanin gero. Waken ya yi kyau. Da kaka ya aiko mana da kwano biyu ta hannun 'yata, aka yi mana ƙosai.